Baba da Kwas Mai Lamba 301

A ɗakin jira na cibiyar koyar da manhajar kula da ma'aikata, wani dattijon magatakarda ya daɗe yana jujjuya takardar shigarsa kafin ya yi wa matar da ke gefensa magana.

"'Yata, don Allah ina ɗaki na 301? Na hau benen nan na sauko har gwiwoyina sun gaji."

"Mu gani, Baba. Ai wannan PAY 301 da ke takardarka ba ɗaki ba ne, lambar kwas ce. PAY na nufin albashi, kamar yadda LV ke nufin hutu. Ukun da ke farkon lambar kuma mataki na uku ke nan. Wa ya zaɓa maka?"

"Ni da kaina. Na ga babbar lamba, na ce ita ta dace da furfurata, alhali ko kunna kwamfuta ban iya ba. A ofis an ce wanda bai koya ba ya tattara ya koma gida."

Ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Ni kwamfutar na iya, lissafin hutu ne ya kayar da ni a 101, matakin farko. Maimaitawa na zo yi, ko maigidana bai sani ba."

"Hutu? Tun ba a haife ki ba nake lissafa shi da biro!"

"To tashi a mayar da kai 101 tun ba a rufe rajista ba, sai mu taimaki juna."

Ya miƙe da ƙarfinsa. "Ki kama mana kujeru biyu a gaba. Maigidanki kuwa, kada ya ji labari sai ranar da kika kai masa satifiket."