A Taɓa Roba Tun Tana da Zafi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu gyaran cikin mota. Mai girma Mataimaki. Sakatare da Ma'aji. Iyayenmu a sana'a, waɗanda suka fara riƙe allura tun ba a haife mu ba, musamman Baba Mai Allura da ke zaune nan gaba. Iyayenmu mata masu ɗinkin labule da rigar kujera. Yayyena masu kushin da masu rufin sama. Direbobin da suka bar layi suka zo. Baƙonmu Dillali, wanda ya sake ɗauko mana na'urarsa ya girke a kan tebur. Da ku na can baya, waɗanda kuka zo don kun ji an ce ni, da kuke kira Rediyo, zan yi magana, kuna sa ran a yi faɗa. Ina gaishe ku duka, babba da yaro.

Ina godiya ga Shugaba da ya ba ni wannan dama, alhali ya san ni, ya san ba a yi ni da wurin rage murya ba. Ina godiya ga Baba, wanda a shagonsa na koyi yanka da ɗinki, a shagonsa kuma na koyi karatu a jikin kwalayen gam da takardun da ake naɗo yadi a ciki. Duk abin da zan faɗa yau, in ya yi daɗi nasa ne, in ya yi kaushi nawa ne.

Jama'a, yau za mu ɗaga hannu mu zaɓi firintar da ƙungiya za ta saya, kuma guda ɗaya tak za mu iya saya. Don wanda bai zo zaman da ya wuce ba, wannan firinta ba ta takarda ba ce. Zaren roba take ci, ta narkar da shi a wani ɗan baki mai zafi, ta riƙa zuba shi layi a kan layi, kamar mai yi wa gini jeri, har abin da ka zana ya tashi tsaye a gabanka. Maɗaurin waya, mazaunin kofi, ragar bakin iska da ta karye aka daina sayar da irinta, ƙugiyar da ke riƙe kwalin ƙofa, duk tana yi. Ranar da na fara ganinta tana aiki, wallahi na manta da yunwa. Har yau ina mamakin yadda zare ke zama abu.

To me ya ɓata mini rai? Abin da muka yi a zaman da ya wuce. Dillali ya miƙo mazaunin kofi da na'urarsa ta yi, aka zagaya da shi hannu zuwa hannu. Baba ya ja shi, ya lanƙwasa shi, ya karta da farce, ya shinshina, daga ƙarshe ya sa haƙori. Ya ce, “Wannan roba ta yi.” Duk muka gyaɗa kai. Haka muke gwada fata, haka muke gwada leda, haka muke gwada soso, kuma wannan hannu na Baba bai taɓa saya mana ruɓaɓɓen yadi ba. Amma a ina muka gwada? A nan, a inuwa, a ƙarƙashin fanka. Mu da muke shiga motar da ta wuni a rana mu fito da gudu, mu da ƙarfen bel ya sha ƙona mana yatsa, mu ne muka gwada kayan cikin mota a wurin da mota ba ta taɓa wuni ba.

Na bi Dillali waje na ce, “Yallaɓai, in rana ta buge ta fa?” Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ƙanena, sai a ajiye motar a inuwa mana.” Direbobi, kun ji. A inuwa. Daga yau duk fasinjan da ya tsaya a rana, ku ce masa ya yi haƙuri, mazaunin kofinku ba ya son zafi.

Ban faɗi wannan don in ci wa baƙo fuska ba. Na'urarsa kyakkyawa ce, tana da sauri, ba ta da ƙara, kuma ita ce mai sauƙin kuɗi. Amma ni ba mazaunin kofi ne ya tsayar da ni a gabanku ba. Kawuna ne.

Da yawanku kun san Kawu, direban haya ne, kuma kun san yadda bel ɗin inji ya kama masa hannu bara. Hannun ya warke, amma yatsu uku ba sa naɗewa. Kan giyar mota yana zame masa. Baba da kansa ya naɗa masa soso, ya ɗinka fata a kai, ɗinki mai kyau, amma soso yana juyawa. Mai motar ya gan shi yana kama giya da tafin hannu a tsakiyar titi, ya ce in wata ya mutu bai ga gyara ba, zai karɓi makullinsa. Babu shagon da ke sayar da kan giyar da aka yi don hannun Kawu, domin hannun Kawu guda ɗaya ne a duniya. Na ba shi curin yumɓu na ce ya damƙa, na auna abin da ya fito, na zana. Ya kalle ni ya ce, “Kai ɗan nan, ni ba ado nake nema ba. Abin da zan kama ya tsaya nake so.” Wannan shi ne ma'aunina, kuma da shi nake roƙon ku auna kowace na'ura.

Abu na farko shi ne zare. Na karanta, na yi tambaya, na gane zaren roba ba iri ɗaya ba ne. Sunayensu haruffa ne masu karya harshe, don haka na raɗa musu nawa. Akwai Lallausa, wadda kowace na'ura ke iya ci, kuma ita ce Dillali ya nuna mana. Tana da kyan gani, tana da tauri a hannu, amma an ce zafin motar da aka rufe ya isa ya sa ta saki jiki. Akwai Tsaka-tsaki, wadda ta fi ta haƙuri, kuma na'urar Dillali tana iya cinta. Akwai kuma Mai Taurin Kai, wadda aka ce ba ruwanta da zafin mota, hasken rana ma ba ya cin ta da wuri. Tambayar da za mu yi wa na'ura ba saurinta ba ce, ba hasken fitilarta ba ce. Tambayar ita ce, wane zare take iya ci?

Abu na biyu shi ne rufi. Mai Taurin Kai tana da hali. In iska ta buge ta tana cikin sauka, sai gefenta ya ɗaga, sai ta tsage. Tana son farantin da take sauka a kai ya yi zafi, tana son a rufe ta a akwati. Na ga haka da idona a wurin Anti mai allunan talla, wadda ke da rufaffiyar na'ura a bayan shagonta. Na yi ta tambaya har ta ce, “Kai, ka cika bincike kamar an aiko ka. Zauna ka gani.” Na zauna na gani. Yanzu ku dubi ta Dillali, a buɗe take ta kowane gefe. Ku tuna shagunanmu kuma, fanka na kaɗawa, ƙofa a wangale, burbushin soso na yawo kamar ƙudaje. Ba zan ɓoye muku ba, rufaffiyar ta fi tsada, kuma Mai Taurin Kai tana wari in tana narkewa, dole a ajiye ta kusa da taga, kada kowa ya zauna yana shaƙa. Ma'aji, na ga ka ɓata fuska, kuma kana da gaskiyarka.

Abu na uku zai yi wa maɗinka daɗi. Ashe roba ma tana da tsayi da faɗi kamar yadi. Tun da layi-layi ake zuba ta, in ka ja ta ta inda layukan suka haɗu sai ta rabe, in ka ja ta tare da layi sai ta riƙe. Ranar da na gane haka na yi dariya ni kaɗai, domin abin da Baba ke marina a kai ke nan in na yanka yadi a karkace. Wannan sana'a ba baƙuwarmu ba ce. Sai dai mu dubi girman faranti, ko zai ɗauki ragar bakin iska a kwance, ba sai an raba ta an haɗa da gam ba.

Saura ƙanana, amma su ne ke kashe na'ura. Bakinta yana toshewa, to ana samun irinsa a kusa, ko sai mun zuba ido muna jiran jirgi? In wuta ta ɗauke aiki ya yi rabi, za ta ci gaba daga inda ta tsaya, ko za a zubar? Kuma ko wacce muka saya, ina roƙon a yi doka tun yau, babu mai ƙera abin da ya shafi birki ko sitiyari, babu mai manna ado a kan jakar iskar nan da ke fashewa lokacin haɗari.

Yanzu, duk abin da na faɗa a kan zafi, “an ce” ne. Karantawa na yi, kuma takarda ba ta taɓa zama cikin mota ba. Shi ya sa na sa aka yi kan giyar Kawu guda uku, duka baƙaƙe, duka zane ɗaya. Dillali ya yi mini biyu, na Lallausa da na Tsaka-tsaki, ina kuma gode masa. Anti ta yi na Mai Taurin Kai. Na ɗaura wa kowanne zaren ɗinki, fari da ja da kore. Tun da safe suna kan dashbod ɗin motar Kawu, a filin nan na waje, gilas a rufe, da sifana a kan kowanne. Ban leƙa ba. Wallahi ni ma ban san abin da za mu gani ba, kuma in Tsaka-tsaki ta tsaya, ni ne zan fara ɗaga wa na'urar Dillali hannu, in ba shi haƙuri a gabanku.

Ga Kawu nan ya shigo da su a cikin tsumma. Ku ba shi hanya. Kawu, ajiye a gaban Shugaba.

Mai farin zare, Lallausa ke nan. Na baya, ku miƙe ku gani. Sifana ta nutse a cikinta, ta kwanta gefe kamar kyandir. Wannan ba sai an yi magana ba.

Mai jan zare, Tsaka-tsaki. To, jama'a, wannan tana tsaye. A ido babu abin da ya same ta. Dillali yana murmushi. Baba, don Allah, ba ni aron hannun nan naka. Gwada ta yadda ka saba, amma yanzu, da zafinta. Danna wuyanta, inda za ta kama ƙarfen giya. Kun ga? Ɗaga musu, Baba. Ta ba da kai. Kaɗan ne, amma ga wurin babban yatsansa nan ya zauna. A mazaunin kofi wannan ba komai ba ne. A kan giya kuwa, yau kaɗan, gobe kaɗan, wata rana ta juya a hannun mutum yana tsakiyar mahaɗa.

Saura mai kore. Danna, Baba. Ƙara. A'a, Baba, ban da haƙori, da zafi! Ya ce me? Ya ce ta ƙi. Kawu, karɓi, sa hannun nan naka. Damƙa. Ja kamar za ka sa giyar baya. Jama'a, ku dubi yatsun nan uku, kowanne ya sami wurin kwanciya.

Mai girma Shugaba, ba ni da sauran hujja, roƙo ɗaya ya rage mini. Kada a ɗaga hannu sai kowa ya taɓa ukun nan. Hannun Baba bai yi mana ƙarya ba a zaman da ya wuce, inuwa ce ta yi. A zagaya da su yanzu, a fara daga iyayenmu mata, kuma a yi sauri, domin in suka huce duk za su koma da tauri, kowacce ta yi kamar ba ita ba.

Allah Ya yi wa wannan taro albarka. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da ƙarfin ido. Allah Ya buɗa wa baƙonmu kasuwa, Ya kawo masa masu sayen da na'urarsa ta dace da su. Allah Ya tsare direbobinmu a kan hanya, Ya bar wa Kawu makullinsa a aljihu. Allah Ya sa mu zaɓi abin da zai tsaya in an kama shi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.