Mai Aiki a Gida Ma Yana Bukatar Dawowa

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta masu aiki daga gida, manyan baƙi da suka baro ofisoshinsu don su ga yadda marasa ofis suke rayuwa, iyayena mata, 'yan uwana maza, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni damar magana, ina kuma godiya da aka ba ni dalilin goge wando, domin mu riga kawai muke gogewa, iya inda kyamara take gani.

Ni mai zanen gidaje ne. Shekara goma sha huɗu ina zana wa mutane ɗakuna a ofis, alhali ban san yadda nawa ɗakin yake da hantsi ba. A cikin cunkoson motoci nakan jingina kai da gilashi, ina mafarkin wani ɗan tebur kusa da taga. Da Allah ya cika mini burin, amfanin farko da na samu shi ne lokaci, awa uku da hanya take cinye mini kullum. Amfani na biyu ya fi wannan daɗi: na ga gidana. Na ga yadda hasken rana yake shigowa ta labule, ya hau bango a hankali, ya sauka kan takarduna. Na ji maiɗakina tana rera waƙa ƙasa-ƙasa tana shanya, ni da na zauna da ita shekaru ban san tana waƙa ba.

Ƙalubale kuwa akwai su. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar taro. Maƙwabci ya gan ka a gida da rana tsaka, ya dafa kafaɗarka ya ce, "Haƙuri, Allah ya kawo wani aikin." Waɗannan duk abin dariya ne. Wanda ya taɓa mini zuciya shi ne na mahaifiyata.

Mama tana zaune tare da mu, tsufa ya kama ta, mantuwa ta fara yi mata yawa. Ni ne autanta, Auta take kira na. Na ɗauka zamana a gida gata ne na yi mata. Sai ga shi kullum da yamma tana jawo kujerarta bakin ƙofa, ta ƙi cin abinci, ta zuba wa hanya ido. Ran nan na fito daga ɗakin aiki na tsuguna gabanta, na ce, "Mama, ga abinci yana hucewa." Ta dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta ce, "Bawan Allah, ba ka ga Auta a hanya ba? Har yanzu bai dawo daga aiki ba."

Jama'a, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina gida, ina gabanta, amma a wurinta na ɓata. Maiɗakina ce ta gano bakin zaren. Ta ce, "Ai ɗanta da ta sani shigowa yake yi da sallama, da jaka a hannu. Kai kuma ka daina shigowa."

Washegari ƙarfe biyar na rufe kwamfuta, na ɗauki tsohuwar jakata babu komai a ciki, na fita ta ƙofar baya. Na wuce shagon mai aski, na zagaya ta wurin mai gyaran keke, na ɓullo ta ƙofar gaba na yi sallama. Mama ta miƙo hannu biyu, ta ce, "Auta, ka dawo? Sannu da aiki. A kawo mana abinci." Tun daga ranar ban fasa ba. Mai aski har tsokana ta yake yi, wai ni kaɗai ne ma'aikacin da yake tafiya aiki bayan an tashi.

Saboda haka nake roƙon ku, ku sa wa aikinku lokacin tashi, ku rufe shi, ku dawo wa mutanenku da fuskarku da hankalinku, ko da daga ɗaki zuwa falo ne.

Allah ya albarkaci sana'o'inmu, ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba masu rai lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Shugaba, a yi mini afuwa, ba zan tsaya hoto ba. Biyar ta kusa, kujera tana bakin ƙofa, yau kuwa da gaske daga wani wuri zan dawo.

Na gode.