Maɗorin da ya ƙi ɗaure ƙafar Kamilu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Allah ya gafarta Malam Liman da na'ibansa. Masu unguwanni da dattawan Daudawa, da baƙinmu na Faskari, Tafoki, Ƙanƙara da Sabuwa, sannunku da hanya. Hajiya Amatullah mai ɗakin marigayi, Mas'udu babban ɗansa da ƙannenka, Allah ya ƙara muku haƙuri. Assalamu alaikum.

Ni ne Abdulƙarim, wanda ya shekara ashirin da shida yana ba ku magani a ƙaramin asibitin garin nan. An ce in yi magana a kan Malam Ɗanliti maɗori, yau kwana arba'in da rasuwarsa. Na so in ƙi, don abin da ke bakina ba mai daɗi ba ne.

Ya kasance mai albarkar hannu. Wanda babur ya kayar, wanda sa ya tunkuya, duk ƙofarsa muke nufa. Ya kasance mai tsokana: in ƙato ya kurma ihu sa'ad da Malam ke jan ƙashin, sai ya ce, “Ashe gemun nan na aro ne.” Ya kasance mutumin da ya san inda hannunsa ya tsaya, kuma wannan ne muka kasa yafe masa.

Shekara shida ke nan, maƙwabcinsa Harisu ya kawo ɗansa Kamilu, mai shekara goma sha uku. Cinyarsa ta karye yana miƙewa daga tabarma, ba faɗuwa, ba bugu. Malam ya shafa kumburin da ke saman gwiwa, ya janye hannu, ya ce, “Harisu, wagga ba karayata ba ce. Ƙashin ne ya lalace daga ciki. Ban ɗaure shi. Ku tahi babban asibiti yau.”

Me muka ce? Muka ce tsufa ya kama shi, hannunsa ya mutu. Aka kai yaro wani gari aka ɗaure shi da karare wata biyu. Ina wurin ranar da aka kwance tsumman, kuma har gobe warin yana hancina. Da aka isa asibiti, likita ta ce ciwon dajin ƙashi ne, har ya kai huhu.

Malam ya bi su, wanda muka zaga ɗin. Shi ya gaya wa likitar cewa ya taɓa shafa irin wannan kumburi a hannun ƙanin Harisu, kuma dajin nono ya kashe yayarsu ba ta kai talatin ba. Ta ɗebi jinin uwa da uba ta aika gwaji. Ga bayaninta bayan sakamako ya fito, kamar yadda na ji da kunnena: yawancin dajin ƙashi na yara ba gado ba ne, amma na gidan nan gado ne. A ƙwayoyin halittarmu akwai mai gadi da ke tsayar da ƙwayar da ta fara lalacewa. Kowa yana da biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. An haifi Harisu da ɗaya mai rauni, kuma kowane ɗansa yana iya ɗauka, yana iya tsira, rabi da rabi. Ba laifinsa ba ne. Jinin matarsa Mero kuwa lafiya lau.

Amma kafin takardar gwajin ta iso, Kamilu ya rasu, mu kuma mun gama shari'armu. Muka ce Mero mayya ce, ita ta ci ɗanta. Mata suka riƙa janye bokitansu in ta zo famfo. Awarar da take soyawa ta riƙa kwana a tire. Matar da ta yi wata biyu tana wanke ƙafar da mu ba ma iya tsayawa kusa da ita! Ta tattara ta koma gidan iyayenta a Sabuwa.

Takarda ta zo, waye ya je ya ba ta haƙuri? Harisu ya ninke ta ya ɓoye, wai kada a ƙi auren zuriyarsa. Ni da na karanta masa ita na ja bakina na yi shiru, kuma ina ƙyamar kaina a kan haka. Malam kaɗai ya faɗi gaskiya a majalisa, sai muka daina zama tabarmarsa. Yau ga mu mun cika ƙofarsa, muna cin wainar sadakarsa da bakin da muka zage shi, muna cewa mutumin kirki ne. Tir da halinmu!

Ban tono wannan don in kunyata kowa ba. Wasiyya ce. Kwana uku kafin Malam ya cika, ya kama hannuna ya ce, “Abdulƙarim, Hussaina ƙanwar Kamilu na wucewa nan in za ta islamiyya. Jan ƙafar hagu take. Idona bai mutu ba. Kada ka yi shiru irin na wancan karo.”

Mas'udu, na san ranar Talata an roƙe ka ka ɗaure gwiwar yarinyar nan, ka ce sai bayan arba'in. To, ga arba'in. Ka gaji kararen mahaifinka, ka gaji tofinsa. Ka gaji wannan “a'a” tasa ma, ita ce mafi tsada a abin da ya bari.

Harisu ɗan'uwana, ɗago kanka. Mai yiwuwa targaɗe ne, hoto ne zai nuna. In kuma shi ne, likita ta ce wanda aka kai da wuri yana iya rayuwa. Gobe ƙarfe bakwai ina tasha mu kai ta babban asibiti, kuma za mu aika Sabuwa, don Mero ce ta haife ta. Ranka ya daɗe, muna roƙon dattawa su je su ba ta haƙuri da bakinsu.

Na gode da kuka saurare ni, har waɗanda suka ji haushi. Allah ya jiƙan Malam Ɗanliti, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana abin da muka yi masa da abin da muka yi wa Mero. Allah ya ba Hussaina lafiya. Allah ya sa kada mu sake shimfiɗa tabarmin nan a ƙofar gidan Harisu. Amin.