Haƙorin da Aka Cire da Filaya

A ɗakin jiran likitan haƙori a wata ƙasar waje, wata dattijuwa Bahaushiya ta ji ƙaton da ke gefenta yana salati, kumatu a kumbure.

"Ashe ɗan gida ne! Tsoro kake ji?"

"Mama, ƙarar injin nan ce ba na iya jurewa. Shi ya sa na cire da kaina."

"Ka cire me?"

"Haƙorin. Da filayar garejinmu."

"Innalillahi! Filayar mota? A bakinka?"

"Na wanke ta fa."

"To me ya kawo ka?"

Ya buɗe ƙyalle, ga haƙori fari tas. "Mai lafiyar na cire. Mai ciwon yana nan."

Ta dafe ƙirji. "Ba wanda ya hana ka?"

"Shekarata shida a ƙasar nan, Mama. Wa gare ni?"

Sai ta hango takardar asibitin a cinyarsa. Gurbin wanda za a kira in wani abu ya same shi, wayam. Ta fizge biron da ke hannunsa, ta rubuta lambarta.

"Tashi, an kira ka. Ni zan riƙe maka hannu. Amma ina filayar?"

Ya sunkuyar da kai, ya zaro ta daga aljihu.