Faretin Farce a Catford

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki.

Ni tsohon saje manjo ne, yanzu ina zaune a unguwar Catford, nan ƙasar Turawa, wurin 'yata Hadiza. In aka tambaye ni nadamata a aikin soja, ba fagen daga nake tunawa ba, gidana nake tunawa. A bariki, kullum da safe sai na jera yarana kamar kurata, in duba farce da haƙori. Da sun ji ƙarar takalmina, hira ta mutu. Ni a zatona tarbiyya ce. Har yau Hadiza, likita guda, in na shigo falo sai ta miƙe tsaye.

Ran nan na ba jikata Amira labarin faretin nan. Sai ja'ira ta ce da Turanci in tashi in kawo hannu. Na ƙame, na miƙa mata. Ta duba, ta ce farcena ya yi tsawo, na faɗi jarrabawar. Mai gabatarwa, Hadiza ta yi dariya har ta zube ƙasa! Ban taɓa jin dariyarta haka ba. Da ta nutsu, ita da kanta ta ɗauko abin yankan farce ta ce, "Baba, kawo hannun."

Ina gaida tsofaffin abokan aikina duk inda suke. Ku kuma 'yan baya masu kaki, don Allah ku riƙa cire takalmin nan a bakin ƙofa. Ni sai da na tsufa na cire nawa, amma alhamdulillahi, na tarar ana jirana.

Naku, Garba.