Butar Ruwa a Kan Kafet

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ɗan albarka. Ni ce Iya Abu daga Yakasai. Ban yi boko ba, 'yata Hauwa ke rubuta mini.

Jikana Sadiku, angon nawa, watansa goma, a ɗakina yake wuni yana rarrafe a kan kafet. Duk inda ya yi fitsari sai in kwara ruwa buta guda saboda sallah, in ce na tsarkake. Sai tari ya kama shi, yana numfashi da ƙyar. Likita ya ce a kira masu wankin kafet da inji.

Da suka ɗaga kafet ɗin, Malam, ƙasan duk funfuna, baƙi ƙirin! Babbansu ya ce, "Iya, ruwan nan naki ba ya bushewa, nan ciwon yake." Suka wanke, suka zuƙe ruwan, suka busar.

Tarin ya yi sauƙi. Hauwa na ta dariya wai ango ya yafe mini, amma ni har yau gabana faɗuwa yake. Ina gaida tsofaffin Yakasai, ku leƙa ƙarƙashin naku kafet ɗin. Don Allah a tambayar mini malamai: in ya sake yin fitsarin, yaya zan tsarkake wurin sallata ban cuci angona ba?