Bututun da Aka Ɗaura wa Igiyar Shanya

A layin sayen soyayyen kifi a garin Hout Bay da ke bakin teku, wani tsohon masunci ya ƙura wa hoton da ke jikin jakar wata budurwa ido.

"'Yata, wannan bututun rawaya fa? Ina da irinsa a gida."

"Anya, Baba? Na'ura ce. Can tekun ƙanƙara na kudu muke sakinta, ta nutse ta auno mana ɗumin ruwa."

"Ai can na tsamo shi bara waccan. Na ɗauka shara ce, har na yi ta zagin masu ƙazantar da teku."

"Bara waccan tawa ta ɓace. Karatuna na shekara biyu ya bi ruwa, aka ce ni ce ban iya saita ta ba."

Tsohon ya cire hularsa. "Na karye tsinken da ke kansa. Matata ta ɗaura masa igiyar shanya."

"Tana motsi kuwa?"

"Duk bayan kwana goma yakan yi gurnani. Mukan yi dariya, mu ce gaishe mu yake."

"Ni take nema, Baba. Da tsinken da ka karya take aiko mini da saƙo."

Mai kifi ta miƙo masa ƙunshinsa. Ya kasa ɗago kai.